Abin da Na Gani a Madubi

Shekara goma sha biyu ina jan motar makaranta,
rawayar nan mai tari kamar tsohon mashayin taba,
daga gindin dutsen kwal zuwa bakin kogin Ohayo.
Yaran garin nan, ko da ƙarar takunsu na san su.

Jolene ce ke fara hawa, tun da sauran duhu,
can inda kwalta ta gaji ta tsaya,
gidan kwano bisa tayoyin da suka manta juyawa.
Takan shigo da sanyi cikin hannun riga,
ta raɓa kusa da inji don ɗumi.
Lamont sai tasha ta shida,
gida mai baranda, uba mai kantin magani,
takalmi a goge, littafi da bangonsa.

Bana su biyun sun nemi gurbi a jami'ar jiha,
sai gari ya dare biyu kamar ƙwarya.

A shagon aski cewa ake: a duba fata.
Kakan Lamont ya tsaya ƙofar jami'ar nan, sakamako a hannu,
aka ce masa ƙofar masu shara tana baya.
Ya tsufa yana goge benen da aka hana shi hawa da littafi.
Bashi ne, in ji su, kuma bashi ba ya ruɓewa.

A harabar majami'a cewa ake: a duba aljihu.
Baban Jolene fari ne a waje, baƙi a ciki,
ƙurar kwal ta rine masa huhu,
yana jawo numfashi daga tulun ƙarfe
kamar mai jan guga a rijiya gaba dubu.
Shi wa ya ci nasa bashin? Wa zai biya?

Ni dai direba ce, rabin aikina kallon madubi.
A ciki na ga ɗan sanda ya tare Lamont
a ƙofar gidan ubansa,
yana tambayar me ya kawo shi unguwar.
Kuɗin kantin magani bai fito ya yi masa shaida ba.
A ciki na ga Jolene na naɗe rabin abincin rana
ta tura jaka saboda ƙanenta.
Farar fata ba ta taɓa zame mata burodi ba.

To ku masu sikeli, da wane dutse za ku auna?
Wanda aka ji wa ciwo tun ba a haife shi ba,
ko wadda ake ji wa duk ƙarshen wata?
In kun ce fata, ɗan mai kanti ya tsallake 'yar mai tari.
In kun ce aljihu, kun goge tarihi da tsumma ɗaya,
yadda nake goge raɓa a gilashi,
kafin in kai kwana ta dawo.

Abin da ba a faɗa, ko wajen aski ko wajen addu'a:
akwai yaro na uku, bai taɓa hawa motata ba.
Sunan kakansa na sassaƙe a goshin ɗakin karatun jami'ar.
Ba wanda ya leƙa fatarsa, ba wanda ya laluba aljihunsa,
kujerarsa na ajiye tun yana rarrafe.
An shige da tukunya ciki,
an bar mu a waje muna kokawa kan ƙanzo.

Amsa sai watan huɗu.
Yau ƙanƙara ta kwana a hanya,
sai da na ɗaura wa tayoyi sarƙa.
A tasha ta shida Jolene ta matsa, Lamont ya zauna.
Yana gyara mata waƙafi a takardar neman tallafi,
tana nuna masa inda lissafinsa ya kauce.
Na rage gudu a kan gada, ba don santsi ba.
Wani daga baya ya ce, Malama Opal, za mu makara.
Na ce, na sani.